Thaddeus Stevens (1792–1868): Rayuwar Wani Lauya da Gwagwarmayarsa a Majalisar Dokokin Amurka

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi rayuwar Thaddeus Stevens, lauya kuma ɗan Majalisar Wakilan Amurka daga jihar Pennsylvania, tun daga haihuwarsa a 1792 har zuwa rasuwarsa a 1868. An dubi tasowarsa cikin talauci, da aikinsa na lauya, da rawar da ya taka wajen kare ilimi kyauta, sannan da jagorancinsa a majalisa lokacin Yaƙin Basasa da shekarun da suka biyo baya. Maƙalar ta nuna cewa nasarar da ya samu ta shigar da daidaito a gaban shari'a cikin tsarin mulki, da kuma gazawarsa wajen mallaka wa 'yantattun bayi gonaki, sun yi tasiri mai nisa ga makomar baƙaƙen fatar Amurka.

1.0 Gabatarwa

Idan ana maganar kawar da bauta a Amurka, sunan da ya fi saurin zuwa bakin mutane shi ne na Shugaba Abraham Lincoln. Sai dai shugaban ƙasa ba ya yin doka shi kaɗai, kuma ba ya gyara tsarin mulki da hannunsa. Akwai waɗanda suka yi wannan aiki a zauren majalisa, kuma a cikinsu babu wanda ya kai Thaddeus Stevens ƙarfin faɗa-a-ji tsakanin 1861 da 1868. Tambayar da ta cinye ƙarshen rayuwarsa ita ce: idan an 'yanta bawa, me zai ci, ina zai noma, kuma wa zai kare shi daga tsohon ubangijinsa? Manazarta tarihin ƙasar Hausa sun san irin wannan tambaya, domin ta taso a Arewacin Nijeriya tun daga shelar Lugard ta 1901 har zuwa dokar 1936 da ta haramta bauta ɗungurungum. Yanayin ƙasashen biyu ya sha bamban ƙwarai, amma sanin yadda aka amsa tambayar a can zai amfani mai nazarin ta a nan.

2.0 Haihuwa da Tasowa

An haifi Stevens ranar 4 ga Afrilu, 1792, a garin Danville na jihar Vermont, a arewa maso gabashin Amurka. Shi ne na biyu cikin 'ya'ya maza huɗu na Joshua Stevens da matarsa Sarah. Mahaifinsa manomi ne mai haɗawa da ɗinkin takalma, wanda al'amura suka ƙi yi masa daidai, har daga baya ya sa ƙafa ya bar gida, bai sake dawowa ba. An haifi yaron da karkatacciyar ƙafa guda, don haka da ɗingishi ya yi tafiya iya rayuwarsa. A ƙauyukan wancan zamani akwai masu ɗaukar irin wannan tawaya a matsayin hukuncin Ubangiji kan wani zunubi na iyaye, ga kuma tsokanar yara a makaranta. Marubuta tarihinsa da dama suna danganta zafin harshensa da tausayinsa ga raunana da wannan ƙuruciya.

Mahaifiyarsa ce ta tsaya tsayin daka a kan karatun 'ya'yanta. A 1807 ta kwashe su zuwa garin Peacham saboda akwai makaranta mai kyau a can, ta yi ta aikin ƙarfi tana biya masu. Daga nan Stevens ya wuce Kwalejin Dartmouth, inda ya kammala a 1814. Bai taɓa mantawa da wannan halacci ba: da ya samu wadata ya saya mata gona, kuma a wasiyyarsa ya ware kuɗin da za a riƙa kula da kabarinta.

3.0 Aikin Lauya a Gettysburg

A 1815 ya koma garin York na Pennsylvania yana koyarwa, yana kuma karanta shari'a. Da ƙa'idojin lauyoyin garin suka hana shi zama jarrabawa da wuri, sai ya tsallaka jihar Maryland ya samo shaidar aiki a 1816, ya buɗe ofis a Gettysburg. Shekararsa ta farko ta wuce babu wata shari'ar kirki. Abin da ya fito da shi fili shi ne kare wani manomi da ya kashe jami'in tsaro. Ya faɗi a shari'ar, amma yadda ya tsara hujjojinsa ya sa jama'a suka fara tururuwa zuwa ofishinsa. Kafin 1830 ya zama ɗaya daga cikin manyan masu filaye a yankin, ya kuma zuba jari a masana'antun narka ƙarfe, wanda mafi shahararsu ita ce ta Caledonia.

Akwai shari'a guda ta 1821 da ba za a tsallake ba. Wata baiwa mai suna Charity Butler, wadda iyayengijinta 'yan Maryland suka riƙa shigowa da ita Pennsylvania, ta nemi kotu ta 'yanta ta tare da 'ya'yanta bisa dokar jihar da ta taƙaita wa'adin zaman bawa a cikinta. Stevens ne ya tsaya wa masu bayin, ya kuma yi nasara, aka mayar da matar cikin bauta. Ba a jima ba ya juya wa wannan hanya baya, ya riƙa kare bayin da suka gudo ba tare da karɓar ko kwabo ba. Wasu masana suna ganin wannan shari'a ce ta tsaya masa a rai. Ko ma mene ne dalili, mutumin da aka sani daga baya a matsayin babban maƙiyin bauta ya fara ne da yi mata hidima.

4.0 Siyasar Jiha da Batun Ilimi Kyauta

Ƙofar da Stevens ya bi ya shiga siyasa ita ce jam'iyyar adawa da ƙungiyar asiri ta Mason, wadda ta bunƙasa bayan ɓacewar William Morgan a 1826, mutumin da ya yi barazanar tona asirin ƙungiyar. A ganin Stevens, ƙungiyar wata kafa ce da masu hali ke fifita junansu a kotuna da ofisoshi. A ƙarƙashin wannan tuta aka zaɓe shi Majalisar Wakilan jihar a 1833.

A 1834 Pennsylvania ta yi dokar kafa makarantun gwamnati na kyauta. Kafin nan, sai uba ya bayyana kansa a matsayin matalauci a hukumance kafin a ɗauki nauyin karatun ɗansa, kuma iyaye da yawa sun gwammace yaro ya zauna a gida da su sha wannan kunya. Sabuwar dokar ta zo da haraji, saboda haka dubban mutane suka sa hannu a takardun neman a soke ta, Majalisar Dattawan jihar kuma ta amince. Ranar 11 ga Afrilu, 1835, Stevens ya miƙe a Majalisar Wakilai ya kare dokar. Hujjarsa ita ce, ƙasar da talaka ke zaɓen shugabanni ba za ta tsaya da ƙafarta ba muddin ɗan talaka bai yi karatu ba, kuma harajin makaranta bai bambanta da harajin da ake gina kotu da kurkuku da shi ba. Ya yaba wa Gwamna George Wolf, abokin hamayyarsa, saboda goyon bayan dokar. Majalisar ta ƙi sokewa, ta ma ƙara wa dokar ƙarfi. Masanin tarihi Hans Trefousse yana ganin tasirin Stevens a tsakanin 'yan majalisa tare da na gwamna ne suka yi aikin fiye da fasahar jawabin, amma Stevens kansa ya ɗauki wannan rana a matsayin mafi amfani a rayuwarsa.

Sauran shekarunsa a siyasar jiha ba su yi armashi haka ba. Binciken da ya jagoranta kan 'yan Mason ya rikiɗe ya zama tozarta manyan mutane, har ya jawo masa faɗuwa zaɓe a 1836. A rikicin zaɓen 1838 kuwa, lokacin da ɓangarori biyu kowanne ya yi iƙirarin shi ke da majalisa, sai ta taga ya tsere wa fusatattun mutane a Harrisburg. Amma a tsakanin nan ya yi wani abu da ya nuna inda ya dosa: a matsayinsa na wakili a taron sake tsarin mulkin jihar na 1837 zuwa 1838, ya ƙi sa hannu a kundin saboda ya keɓe 'yancin jefa ƙuri'a ga farar fata kaɗai.

5.0 Lancaster da Zuwa Majalisar Tarayya

Karayar tattalin arziki ta 1837 ta bar masana'antunsa cikin bashi mai nauyi. Maimakon ya fake da dokar fatara, sai ya koma Lancaster a 1842, gari mafi girma da yawan shari'u, ya yi aiki har ya biya. Bai taɓa aure ba. A ƙarshen shekarun 1840 ya ɗauki Lydia Hamilton Smith, wata bazawara mai jinin baƙi da fari, ta riƙa kula da gidansa, kuma ta zauna da shi kusan shekara 20. Ya girmama ta a bainar jama'a yadda ba a saba yi wa baƙar mace ba a lokacin, maƙiyansa kuma suka mayar da zamansu abin yi masa gori. Har yau masana ba su haɗu a kan haƙiƙanin dangantakarsu ba.

An zaɓe shi Majalisar Wakilan tarayya a 1848 a ƙarƙashin jam'iyyar Whig. Ya iske ƙasar tana rigima kan ko za a bar bauta ta shiga yankunan da aka ƙwato daga Meziko. Ya yi adawa da sulhun 1850, musamman dokar da ta tilasta wa 'yan Arewa taimakawa wajen kamo bayin da suka gudu. A Satumban 1851, a Christiana da ke cikin mazaɓarsa, wani mai bayi daga Maryland, Edward Gorsuch, ya zo kamun bayinsa, baƙaƙen yankin suka yi turjiya, aka kashe shi. Gwamnatin tarayya ta tuhumi mutane da dama da cin amanar ƙasa. Stevens na cikin lauyoyin da suka kare Castner Hanway, wanda aka fara gurfanarwa a Filadelfiya, kuma aka sallame shi a Disamba. Wannan ya ɓata shi da masu sassaucin ra'ayi a jam'iyyarsa, ya bar majalisa a 1853. Ya ɗan raɓi ƙungiyar masu ƙyamar baƙi 'yan ci-rani don neman madafa, abin da ya zama tabo a tarihinsa, kafin ya shiga sabuwar jam'iyyar Republican a 1855. A 1858 aka sake zaɓensa, yana da shekara 66, kuma bai sake barin kujerar ba sai da mutuwa ta raba.

6.0 Yaƙin Basasa

Da yaƙi ya ɓarke a 1861 bayan ɓallewar jihohi 11 na Kudu, aka naɗa Stevens shugaban kwamitin da ke kula da haraji da kashe kuɗin gwamnati, wanda a wancan lokaci mai riƙe da shi ne jagoran majalisa a aikace. Shi ya tura dokokin haraji da na rance da suka ciyar da rundunar tarayya, da dokar Fabrairun 1862 da ta ba gwamnati damar buga takardun kuɗi waɗanda ba su dogara da zinariya ba. Ya ji haushi da Majalisar Dattawa ta sa sharaɗin a biya masu ba gwamnati rance ruwan kuɗinsu da zinariya, alhali soja da takarda za a biya shi.

Tun farkon yaƙin ya dage cewa bauta ce tushen tawayen, kuma gumin bayi kusan miliyan 4 ne ke ciyar da dakarun Kudu, saboda haka 'yanta su da ba su makamai dabara ce ta yaƙi kafin ma a zo ga batun adalci. Ya riƙa ganin Lincoln yana jan ƙafa, shi kuwa Lincoln yana lura da jihohin kan iyaka masu bayi waɗanda ba su ɓalle ba. Daga ƙarshe gwamnati ta bi wannan hanya da shelar 'yanci ta 1 ga Janairu, 1863, baƙaƙen fata kusan 180,000 suka shiga rundunar ƙasa. Cikinsu har da wani haifaffen Kukawa ta Borno, Nicholas Said, wanda ya shiga runduna ta 55 ta Massachusetts a 1863. A Yunin wannan shekara, dakarun Kudu ƙarƙashin Janar Jubal Early suka ƙone masana'antar Caledonia ƙurmus a kan hanyarsu ta zuwa Gettysburg, da gangan, saboda ta Stevens ce.

Shelar Lincoln matakin yaƙi ce da kotu za ta iya warwarewa, don haka aka nemi gyaran tsarin mulki. Ranar 31 ga Janairu, 1865, Majalisar Wakilai ta amince da gyara na 13 da ƙuri'a 119 a kan 56. A muhawarar, Stevens ya taƙaita da'awarsa ga daidaito a gaban shari'a, don kada ya kori masu ɗari-ɗari da ake buƙatar ƙuri'unsu.

7.0 Sake Gina Kudu

Kisan Lincoln a Afrilun 1865 ya ɗora Andrew Johnson, ɗan Tennessee, a kan mulki. Johnson ya yi ta yi wa manyan 'yan tawaye afuwa, ya bar jihohin Kudu suka kafa gwamnatoci na farar fata zalla. Waɗannan gwamnatoci suka yi dokokin da suka ɗaure 'yantattun bayi ga aikin gandu da sunan hana zaman banza. Ga kuma wani lissafi: a da ana ƙidaya bawa a matsayin kashi uku cikin biyar na mutum wajen rabon kujerun majalisa, yanzu za a ƙidaya shi cikakke ba tare da ya samu ƙuri'a ba, ke nan Kudu za ta dawo da kujeru fiye da na da. A ganin Stevens, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

Ra'ayinsa na shari'a shi ne, jihohin da suka ɓalle sun zubar da matsayinsu, sun zama yankunan da aka ci da yaƙi, kuma majalisa ce kaɗai ke da ikon shimfiɗa sharuɗɗan dawowarsu. Da majalisa ta zauna a Disamban 1865, akawunta Edward McPherson, ɗan Gettysburg kuma na hannun daman Stevens, ya tsallake sunayen wakilan Kudu wajen kiran suna. Nan take Stevens ya gabatar da ƙudurin kafa kwamitin haɗin gwiwa mai mutum 15, shi kuma ya jagoranci ɓangaren Majalisar Wakilai. Daga wannan kwamiti gyara na 14 ya fito, wanda majalisa ta zartar a Yunin 1866. Gyaran ya tabbatar da zama ɗan ƙasa ga wanda aka haifa a Amurka, ya kuma hana jihohi tauye wa kowa kariyar doka daidai da ta kowa. Bai ba baƙaƙe ƙuri'a kai tsaye ba, kuma Stevens ya fito fili ya ce abin bai kai yadda ya so ba, amma ya karɓa bisa dalilin cewa da mutane yake zaune, ba da mala'iku ba. Bayan zaɓen 1866 ya ba jam'iyyarsa rinjayen da ya wuce kashi biyu cikin uku, dokokin Maris 1867 suka raba jihohi 10 na Kudu zuwa yankunan soja 5, suka kuma wajabta ba baƙaƙen maza ƙuri'a kafin a sake karɓar jihohin.

Inda ya sha kaye shi ne batun ƙasa. A wani jawabi a Lancaster a Satumban 1865 ya ba da shawarar a ƙwace filayen manyan masu gandu kimanin 70,000, waɗanda ya ƙiyasta sun kai eka miliyan 394, a ba kowane 'yantaccen magidanci eka 40, a sayar da saura don biyan bashin yaƙi da fanshon sojoji. Hujjarsa ita ce wanda ba shi da gonar kansa, ƙuri'arsa tana hannun mai ba shi aiki. Ya gabatar da ƙudurin doka a kan haka a Maris 1867, amma ko 'yan jam'iyyarsa ba su mara masa baya ba, domin taɓa dukiyar mutum abu ne da masu jari na Arewa ke tsoro. Tun kafin nan Johnson ya riga ya mayar wa tsofaffin masu gandu filayen da Janar Sherman ya raba wa 'yantattu a gaɓar tekun Carolina ta Kudu da Georgia. Sakamakon haka mafi yawansu suka faɗa noman kashi-mu-raba, inda bashin mai gona ke bin manomi daga kaka zuwa kaka.

8.0 Yunƙurin Tsige Johnson da Rasuwa

Johnson ya ci gaba da yi wa dokokin majalisa zagon ƙasa. Da ya kori Ministan Yaƙi Edwin Stanton saɓanin wata doka ta 1867, Majalisar Wakilai ta kaɗa ƙuri'ar tuhumarsa ranar 24 ga Fabrairu, 1868, da 126 a kan 47. Stevens na cikin masu gabatar da ƙara 7, amma jiki ya riga ya ƙi, a kan kujera ake ɗauko shi zuwa zauren. Ya fara karanta jawabinsa murya ta gaza, Benjamin Butler ya ƙarasa masa. Ranar 16 ga Mayu Majalisar Dattawa ta kaɗa 35 a kan 19, saura ƙuri'a ɗaya a cika kashi biyu cikin uku, Johnson ya tsira. Masana da yawa suna ganin tuhumar ta fi ƙarfi ta fuskar siyasa fiye da ta shari'a, domin dokar da aka dogara da ita mai rauni ce.

Stevens ya rasu a Washinton ranar 11 ga Agusta, 1868, yana da shekara 76, makonni kaɗan bayan an tabbatar da gyara na 14. An ajiye gawarsa a babban zauren ginin majalisa, baƙaƙen sojoji suna gadinta. An binne shi a wata ƙaramar maƙabarta ta Shreiner a Lancaster, wadda ya zaɓa da kansa saboda ba ta ware kowa bisa launin fata, kuma ya sa an rubuta wannan dalili a kan kabarinsa. Ya bar dala 50,000 don kafa makarantar marayu da ba ta nuna bambanci, wadda aka kafa a 1905, kuma tana nan yau a matsayin kwalejin fasaha mai ɗauke da sunansa.

9.0 Kammalawa

Bayan janye hannun tarayya daga Kudu a 1877, aka ƙwace wa baƙaƙe ƙuri'a sannu a hankali, kotun ƙoli kuma ta halatta wariya a 1896. A wannan zamani aka zana Stevens a matsayin mugun tsoho mai ramuwar gayya, a littattafan tarihi da kuma fim ɗin D. W. Griffith na 1915. W. E. B. Du Bois ya ƙalubalanci wannan hoto a 1935, daga baya Fawn Brodie a 1959 da Trefousse a 1997 suka sake auna shi. Babu mai musun kaifin harshensa, da son cacarsa, da shirinsa na lanƙwasa ƙa'ida idan ta tare masa hanya. Duk da haka, gyara na 14 ne kotun ƙoli ta dogara da shi a 1954 wajen rushe wariya a makarantu, kusan shekara 86 bayan rasuwarsa. Batun gonakin kuwa, wanda ya ce in babu shi sauran ba za su ɗore ba, majalisa ba ta taɓa zartar da shi ba.